Na'ura ta ce na tsufa, ƙanina ya ba da gonar gandunmu haya

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, manya da yara. Admin don Allah ka sakaya sunana da na garinmu. Na zaɓi nan ne saboda ban ga ɗan gidanmu a ciki ba. Shawararku nake nema, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin wani ya ce in yi haƙuri, domin haƙurin ne ya kawo ni inda nake. Da hannuna nake rubuta wannan, ba a daɗe ba da na koyi boko a ajin yaƙi da jahilci da ake mana bayan la'asar, in kun ga kuskure ku wuce shi.

Abin ya faro ne a shekarar da aka cire tallafin mai, wadda taki ya fi ƙarfin irinmu. Ni manomi ne a wani ƙauye tsakanin Bici da Bagwai, na ɗan haura hamsin, mata ɗaya da 'ya'ya shida. Ni ne babban namiji a gidanmu. Da mahaifinmu ya rasu ba mu raba gona ba, muka bar ta gandu kamar yadda ya bar ta, ni nake nomawa, in kaka ta yi in fitar wa kowa da nasa. 'Yan uwana mata uku suna gidajen aurensu, sai ƙanina guda ɗaya da ya yi karatu, yana aikin ofis, yana zaune a Rijiyar Zaki da iyalinsa. Tun Baba yana raye akwai adadin buhunan gero da dawa da wake da ake ɗora masa a mota duk shekara, kuma tun da gonar ta dawo hannuna ban taɓa rage masa ko tiya ɗaya ba. Shi ma ba ya rowa, in Sallah ta zo yana yi wa yarana ɗinki. Ba mugu ba ne, ina so ku riƙe wannan.

A waccan daminar takin gida kawai na samu na zuba, shi ma bai kai ko'ina ba, ga ruwa ya ɗauke ana tsaka da fitar kai. Da muka ɗaure dammuna na tsaya na dube su, na san ba za su kai mu ba. Uwar yarana ta ce in kira ƙanina in gaya masa bana sai dai a yi maneji, kowa ya san halin da ake ciki. Na ce mata a'a. A birni ma kwanon masara ya gagari mutane, albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, yaransa da wannan hatsin suka dogara. Kuma ba zan ɓoye muku ba, ba na so a ce a hannuna ne buhun gidanmu ya fara raguwa. Na auna masa nasa cif kamar kullum, na ba 'yan uwana mata nasu, abin da ya saura na zuba a rumbu. Ta dube ni ta ce, Malam, wannan ko tsakiyar rani ba zai gani ba. Na ce Allah yana nan.

Gaskiyarta ce. Kafin azumi mun koma tuwo sau ɗaya a rana, sauran kuwa kwaɗon rama ko zogale, da ɗan koko in an samu. Da watan azumi ya wuce sai na ga wata hanya. Na yi Sitta Shawwal, na ɗora da Litinin da Alhamis, na ƙara da kwana ukun tsakiyar wata, daga nan na daina lissafi, duk ranar da na ga tukunya ba za ta zagaya ba sai in wayi gari da niyya. Bakina ɗaya in ya fita daga cin rana, ƙananan biyu suna ƙoshi. Da dare kuma a unguwarmu ana ciyayya, kowane magidanci yana fito da kwanonsa ƙofar masallaci a haɗu a ci. Kwanona bai taɓa fashi ba, kuma a cike yake fita, sai dai ni in na yi loma uku sai in ce buɗa-baki ya cika min ciki. Mutane suka fara ce min Malam mai nafila, liman har misali ya yi da ni. Niyyata kuwa tsakanina da Ubangijina ce, ba a kanta nake tambayarku ba. Riga tana rufe komai, ba wanda ya san yadda na koma sai matata.

Shi kuma ƙanina a lokacin ya haɗu da wata na'ura a wani asibitin kuɗi a birni. Mutum yana hawa kanta ba takalmi, ya riƙe wasu ƙarafa biyu, sai ta nuna yawan kitsen da ke jikinsa da tsoka da ruwa, har ta faɗi wai shekarun da jikin ya kai. Shi da ya hau ta nuna kitse ya taru masa a ciki, aka ce ya je a gwada jininsa, aka tarar suga ta fara kama shi bai sani ba. Ya rage shayi mai zaƙi da lemo, ya fara tafiyar ƙafa, tumbin ya sauka, ya ji daɗin jikinsa. Wannan alheri ne kuma na yi masa murna. Amma daga ranar ya ɗauki na'urar nan kamar ba ta kuskure, kowa ya gani sai ya ce ya je ya hau.

Ana gab da saukar ruwan fari na shiga birni neman bakin garma, na biya ta gidansa. Da na cire babbar riga zan yi alwala ya ga hannuwana, ya ce Yaya lafiya kuwa? Na ce lafiya lau, zafi ne. Bai yarda ba, ya sa ni a mota sai asibitin. Ranar Alhamis ce, ina azumi, ga rana, tun asuba ban sa ruwa a bakina ba. Yarinyar da ke kula da na'urar ta tambaya ko na ci na sha, da ta ji ina azumi ta ce gara mu dawo wata rana, in jiki ya bushe awon ba ya fita daidai. Ƙanina ya ce daga ƙauye na zo, in na tafi ba zai sake kama ni ba, a yi kawai. Na hau, na'urar ta ƙi karanta ni. Na sauka na sake hawa, shiru. Yarinyar ta duba tafin ƙafata ta ce Baba kaushi ne ya yi yawa, ba ta jin ka. Ta kawo tsumma mai ruwa na goge ƙafa da tafin hannu, na ce mata ashe ita ma sai da alwala ake taɓa ta, muka yi dariya har da ƙanina. A karo na uku ta karanta, dariyar ta tsaya.

Hoton mutum ya fito a jikin allon, hannuwa da cinyoyi duk an yi musu ja. Wai tsokata ta yi ƙasa ƙwarai, kitse kusan babu, ruwan jiki ya gaza, shekarun jikina kuma na ɗan saba'in ne. Yarinyar ta ce wannan ba ya nuna cuta, a ga likita, kuma a maimaita ranar da na ci na sha. Ƙanina bai ji wannan ba, ja ɗin kawai yake kallo. Muka ga likita, aka gwada suga, aka gwada tari, aka ɗebi jini aka yi gwaje-gwajen da ban san sunansu ba, ba a samu komai ba sai ɗan ƙarancin jini. Likitan ya dube ni ya ce, Baba kana samun abinci sosai kuwa? Ƙanina yana zaune kusa da ni, da hatsina a cikin gidansa. Na ce alhamdulillahi, muna ci muna ƙoshi. Me kuke so in ce?

Kafin in iso gida ya tura hoton nan a guruf ɗin danginmu na waya. Ni a guruf ɗin, saƙon murya aka saba turo min, kowa ya san Yaya ba ya karatu, ba wanda ya san na shiga aji. Sai suka saki jiki suna rubutu a kaina, ni kuma ina zaune a zaure ina haɗa baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya. Yayarmu ta rubuta cewa ita dama ta ga alama, haka Baba ya fara ramewa kafin ya kwanta. Wata ta ce akwai cutar da gwaji ba ya gani sai ta ci ƙarfin mutum. Wani ɗan ƙanwata ya ce a raba min kofi da yara kafin a gane. Ƙanina ya rubuta cewa ko ma mene ne, jikin ɗan saba'in ba zai riƙe garma ba, in aka bar ni da gonar nan a cikinta zan faɗi, kuma kada a gaya min komai tukuna don kada hankalina ya tashi. Daga nan ya turo min saƙon murya yana cewa Yaya ka huta sosai, ba wani abu ba ne. Rubutun nan nasu na guruf shi ne abin da na fara karantawa da kaina a duniya wanda ba na allon aji ba.

A cikin satin suka gama magana su huɗu, suka ba wani mai kantin taki a kasuwarmu hayar gonar na damina ɗaya. Ni da na kwashe rani ina jigilar takin gida da amalanke, na jera shi tsibi-tsibi a gonar ina jiran ruwa, sai labari na ji. Na kira ƙanina, ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce da izinin wa. Ya ce da izinin masu gado, su huɗu ne ni ɗaya, kuma don ni aka yi. Na ce ya zo ya tsaya a bakin kunya ɗaya ni in tsaya a ɗaya, a ba mu fartanya, wanda ya fara zama shi ne ɗan saba'in. Ya ce Yaya wannan ba maganar ƙarfin hali ba ce, na'ura ba ta san kowa ba balle ta yi son kai. Na ce shi ya sa ba ta san ni ba. Ya ce ya gwammace in yi fushi da shi ina raye. Na kashe wayar. Aka bar min gayaunata, 'yar gonar da ke bayan gida, wai in riƙa motsa jiki a ciki.

Magana ba ta zama a waya. Kafin a yi noman firi, wato noman farko, duk garin an ji cewa an sa ni a inji a birni an ga ciwo. Masu ɗaukata huɗa da shanuna suka koma wajen wani, kowa yana cewa ba ya so in faɗi a gonarsa. A wajen ciyayya na lura in na sa hannu a kwano, gefen nan ba mai sake taɓawa, kwanona kuma yana komawa gida kusan yadda ya fito. Wani taubashina ne kaɗai bai canza ba, shi kullum in ya gan ni sai ya ce ga tsohon da inji ya haifa, wai in ba shi sandata ya riƙe min, in na rasu kuma shi zai gaji shanun. Ina ce masa ya bari sai ya iya ɗaure wandonsa ba tare da ya nemi tumbinsa ba. Shi ne yake jawo kwanona gabansa ya cinye tas yana cewa in ciwon ne ma ya fi son na gidanmu. Ban taɓa gode masa a baki ba, amma na san abin da yake yi. Daga baya na daina fita ciyayyar, ba don kunya ba, don na ga tuwon ya fi amfani a cikin yarana.

Mai hayar ya kawo tarakta. Lallen da mahaifiyarmu ta dasa a kan iyaka ta gabas, wanda matan gidanmu suke tsinka tun ina saurayi, a yini ɗaya aka tuge shi. Ya zuba takin zamani a kan nawa na gida, masara ta yi kyau, masu wucewa suna cewa ashe gonar nan hannu take nema. Ni ina gayauna, na nome ta ni kaɗai, na yi maimai, na yi huɗa, ban faɗi ba, ban kwanta ko yini ɗaya ba. Da abinci ya yanke a tsakiyar damina na sayar da sa ɗaya cikin biyun. Kason hayar da aka ce nawa ne ban taɓa shi ba, na ce a miƙa wa uwar yara, ita ta san abin da ta yi da shi.

Ba na ce na'urar nan ƙarya ta yi gaba ɗaya ba. Na yi ta tunani a kai. Ruwan da ta ce babu, azumi ne da rana. Shekarun da ta ba ni, ita ta san inda ta samo su. Amma tsokar da ta ce ta tafi, ta tafi, ni na san haka tun kafin in hau, tun ranar da na ƙara huda a maɗaurin agogona. Ta ga abin da riga ta ɓoye wa liman da dangi. Abin da ba ta gani ba shi ne inda tsokar ta je. Tana cikin buhunan da na ɗora a mota. Ƙanina da matarsa da yaransa su suka ci ta, ba da saninsu ba, kuma ban yi da-na-sani ba, in aka mayar da ni waccan kakar haka zan sake aunawa.

Yanzu ga inda muke. Wa'adin haya ya cika, mai kantin yana neman a sabunta masa, har da ƙari. Ƙanina ya turo cewa in zo in sake hawa na'urar, in ta nuna na ciko gona ta dawo hannuna, in ba ta nuna ba a bar wa mai haya. Duk wata yana aiko min da madara da ƙwai da kayan shayi, wai in gina jiki. Ku gaya min, wane uba ne zai zauna ya sha madara yara shida suna kallon kofin? Su suke sha, kuma na ga amfaninta a fuskarsu. Don haka na san in na hau, ja ɗin nan zai sake fitowa, ko da na sha ruwan randa guda kafin in je. Kuma ko da zai fito kore, raina bai yarda wani ƙarfe da sai an jiƙa min ƙafa yake jina ya zama shi ne alƙali tsakanina da gonar ubana ba. Shekara talatin ina cikinta.

Uwar yarana ta ce girman kai ne yake damuna. Ta ce in buɗe baki in gaya wa ƙanina gaskiya, cewa ba ciwo ba ne yunwa ce, in ba haka ba ita za ta kira matarsa ta faɗa. Na ce in ta yi haka ban yafe ba. Ta ce to in zauna da yafiyata, ita yara take gani. Ban san iya lokacin da za ta ƙara yin shiru ba, kuma ba na ganin laifinta.

In na faɗa, na san gonar za ta dawo ba tare da na hau komai ba. Amma na san ƙanina. Mutumin da suga ta fara taɓawa, in ya ji cewa tuwon da ya ci shekara guda daga jikin yayansa aka yanko shi, ba zai sake karɓar ƙwayar hatsi daga hannuna ba har abada. Zai koma aiko min da abinci, in zama wanda ake ciyarwa a gidan da ni nake ciyarwa, duk dangi su san rumbuna ya taɓa ƙarewa. In na yi shiru na ƙi hawa, gona ta tafi, kuma hayar da aka sabunta sau biyu mun san yadda take ƙarewa a garinmu, wata rana za a ce a sayar kawai. Akwai hanya ta uku, in je wajen dagaci da malamai in ce a raba gado, a yanka min kasona in noma abina ba mai auna ni. Haƙƙina ne a shari'a. Amma ranar da aka ja igiya a gonar nan gandu ya mutu, abin da Baba ya roƙe ni kada in bari ya faru, kuma motar hatsi ba za ta sake zuwa Rijiyar Zaki ba.

To jama'a ku gaya min. In faɗa masa, ko in bar shi da na'urarsa? In zan faɗa, ta yaya mutum yake gaya wa ƙaninsa irin wannan magana ba tare da ta zama gori ba? Masu aikin asibiti da ke cikin nan, ku faɗa min tsakani da Allah, awon da aka yi wa mai azumi da kaushi a ƙafa ya isa a karɓe masa gona? Malamai kuma, 'yan uwa huɗu suna da ikon ba da gandu haya a bayan idon wanda yake nomawa? Abu ɗaya ne ba na so a ce min, shi ne in je in hau don a zauna lafiya. Ba zan hau ba. Ruwa ya kusa, mai kantin yana jiran amsa, ni kuma taki yana tare a bayan gida ban san gonar da zan kai shi ba.

Abin da hawa ɗaya ya ci min zuwa yau shi ne damina guda, da takin rani guda, da sa ɗaya, da lallen Inna, da masu ba ni huɗa, da wurin zamana a ciyayya. Ƙanina ne kaɗai ya rage, shi nake tambayarku a kai.